Tambaya da Amsa: Tsohuwar kyamara mai fim, wane gyara ne na gida, wane ne ba na gida ba?

Assalamu alaikum jama'a. Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato tsofaffin kyamarorin iyayenmu masu fim, irin masu auna nisa ɗin nan da in ka leƙa za ka ga hoto ya rabu biyu a tsakiya sai ka murɗa gilashin gaba ya haɗe. Wallahi na ji daɗi, don yawancinsu lafiyarsu lau, datti ne da daɗewa a akwati kawai suka kama su. Na ɗauki huɗu, saura a yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Salam Kawu, dan Allah shawara nake nema. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa yana da studiyo a nan Garwa tun ba a haife ni ba, da aka zo rabon kaya nace ni kyamarar nan kawai nakeso, a jikinta an rubuta Canonet QL17 G-III. Da na buɗe bayanta sai naga duk gefe-gefen wani baƙin abu ne mai danƙo yana bin yatsa, kuma in na danna wani lokaci ta ɗauka wani lokaci maɓallin ma baya shiga. Abokina mai gyaran mashin yace in fesa mata WD-40 ko in ɗiga man keken ɗinki zata saki. In yi? Ɗanka daga Garwa.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinku ya kai haske kabarinsa. Ɗana kar ka fesa, kar ka ɗiga, ka ma nesanta gwangwanin nan daga ɗakin da take. Abokinka ba da mugunta ya faɗa ba, a wajen mashin maganarsa daidai ce, amma ƙofar hasken wannan kyamara wasu siraran ganyayyakin ƙarfe ne da aka yi su don su yi aiki a bushe, ɗigon mai ɗaya in ya hau kansu sai su manne da juna, kuma man ba ya zama wuri ɗaya, da zafin Garwa na watan Maris da Afrilu sai ya bi ya hau gilashi ta ciki ya yi masa hazo, ƙura kuma ta zo ta zauna a kai. Haka zuwa-zuwar da ake sayarwa a kwalba bakin titi, kar ka ce ai fetur na wanke datti, wannan yana barin maiƙo kuma yana cin roba da fenti.

Maganar maɓalli da ba ya shiga kuwa, ina kyautata zaton ba lalacewa ba ce. Duba zoben da ke jikin gilashin gaba, in yana kan harafin A to kyamarar da kanta take kulle maɓallin in babu batir ko haske bai yi mata daidai ba, haka Canon suka ƙera ta. Murɗa shi daga A zuwa 8 ko 5.6, ka ja hannun naɗin fim, ka danna. Sannan ita ba ta da ƙara sosai, wani ɗan "tik" ne kawai, saboda haka buɗe bayan ka ɗaga ta wajen taga ka kalla ta cikin gilashi ko haske na wulgawa. Gwada kowane gudu, wato saurin buɗewa da rufewar ƙofar haske, daga 1/500 har ƙasa zuwa 1/4, ka yi ta yi kana zaune kana jin rediyo, sau da yawa motsin nan kaɗai ke sakin abin da ya shekara talatin bai motsa ba. Ɗan hannun nan na ɗaukar kai, wanda ake ja a ruga a shiga hoto, shi kam kar ka taɓa shi ko kaɗan, a tsofaffin kyamarori shi ne ya fi saurin maƙalewa a rabin hanya kuma in ya maƙale ya riƙe komai.

Yanzu baƙin danƙon. Soso ne aka liƙa tun daga kamfani don ya tare haske kar ya shiga ta gefen ƙofa ya ƙona fim, an yi wannan samfurin daga 1972 zuwa 1982, kaga ko wane irin soso ne dole ya narke. Wannan aikin gida ne kuma za ka iya. Ka nemi tsinken sakace na itace, tsinken auduga na goge kunne, da alkol izopropilik wanda masu gyaran waya ke wanke fanel da shi, in bai samu ba alkol 90 na farmasi ma ya yi. Kafin ka fara, yanki takarda ka rufe ramin nan mai kusurwa huɗu da ke kallon bayan gilashi ka danne da salatif, don ɓurɓushi kar ya faɗa ciki. Sai ka ɗan jiƙa danƙon da alkol, ka bari ya yi laushi, ka bi kwarin da tsinke a hankali kana ɗebowa kana gogewa a tsumma. Aikin na da cin rai, zai iya cinye maka yamma guda, kar ka gaji ka ɗauko allura ko reza don za ka kankare baƙin fentin kuma wurin da ya yi ƙyalli yana mayar da haske kan fim. A kwarin sama akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ke leƙowa, shi ke mayar da lissafin hotuna farko in an buɗe ƙofa, ka kewaye shi kar ka tanƙwara shi kuma kar ka rufe shi da sabon soso.

Abin da za ka mayar a wurin, a siraran kwarin nan na sama da ƙasa zaren ulu baƙi na masu saƙa ya wadatar, ka tura shi da tsinke ya kwanta, shi ba ya narkewa. Wajen maratayin ƙofa da jikin ƙofar kuma baƙin soso siriri mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5 ko baƙin yadi mai laushi, a liƙa da salatif mai fuska biyu. Kar ka yi amfani da gam ɗin nan mai kamawa nan take, tururinsa na barin farin tabo a gilashi. In ka gama ƙofar ta ƙi rufuwa sai da ƙarfi to ka cika kauri, rage.

Gilashin gaba kuma, dan Allah ka daina tunanin bakin riga. Ƙurar hunturun da ke sauko mana daga Bodele a arewacin Cadi tana da kaifi, in ka goga a kanta a bushe kai da hannunka kake karce gilashin. Busa ta tukuna, ƴar robar nan ta farmasi da ake zuƙe wa jarirai majina sabuwa tana yin aikin sosai, sai burushi mai laushi, sai a ƙarshe ɗigon alkol a kan tsumman goge tabarau, ba a kan gilashin ba, ka faro daga tsakiya kana zagayawa zuwa gefe.

Batirinta na asali PX625 ne mai ƙarfin volt 1.35, na makuri, wato sinadarin nan mai guba, an daina yinsa. Batirin na'urar ji ta kurame mai lamba 675 yana ba da 1.4, ya yi kusa, sai dai ƙarami ne sai an sa masa zoben roba ya zauna kuma da an ɓare takardar bayansa ba ya daɗewa. Ko babu shi ma kyamarar na ɗauka da hannu. In bayan duk wannan ganyayyakin na buɗewa a kasale ko kana ganin ƙyallin mai a kansu, nan aikinka ya tsaya, sai an cire gilashi an wanke su da man laita irin na Zippo, ka kai wa tsohon mai gyaran agogo, ba mai mashin ba.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ya aiki. Ni ɗaliba ce a Injamena, kakana ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet shi ya bani kyamararsa FED 2. Tana ɗauka, amma in na leƙa komai dishi-dishi, kuma hoton nan biyu basa haɗuwa ko na murɗa har ƙarshe, ɗaya ma ya ɗan fi ɗaya tsayi. Fim ɗin da na gwada kuma kowane hoto da farin ɗigo a wuri ɗaya. Inason in gyara da kaina ne don nan ban san wanda zan kaiwa ba.

AMSA: Lafiya lau ƴata, ki gaishe min da kakanki. Kin yi dace, don FED 2 na cikin waɗanda suka fi sauƙin sha'ani, a Harkif ta ƙasar Yukren aka yi ta tsakanin 1955 da 1970, kamfanin tun 1934 yake ƙera kyamara a kan tsarin Leica ta Jamus, ba batir ba waya, ƙarfe ne da sifirin da yadi.

Dishi-dishin nan mu fara da shi. Duba ƙarƙashin maɓallin mayar da fim a hagu, akwai ɗan hannu siriri, na daidaita tagar da ƙarfin idon mai leƙe ne, wataƙila yana nan yadda kakanki ya bar shi daidai idonsa. Ki leƙa kina matsa shi har abu ya fito tar. Mutane da yawa sun kwance kyamara saboda wannan ɗan hannun alhali ba abin da ya same ta.

Don ki gane abin da za ki taɓa, ga yadda abin yake aiki. Tagogi biyu ne a gaba, kowace na ganin abu daga nata ɓangaren, madubi na ɗauko hoton ƙaramar ya ɗora a kan na babbar. In kika kwance gilashin gaba, don nata na zare ne ana warware shi, za ki ga wani ɗan hannun ƙarfe a saman ramin, shi ke jingina da bayan gilashin, duk murɗawar da kika yi gilashin na matsowa ko ya ja baya sai ya tura hannun, hannun ya motsa abin da ke ciki, inda hotunan suka haɗe nan ne nisan. Taɓa shi da yatsa a hankali ki ga ko yana dawowa da kansa, in yana jan jiki to tsohon giris ne ya daskare.

In yana dawowa lafiya, mayar da gilashin ki murɗa shi zuwa alamar 8 a kwance, wato nesa ƙarshe, ki nemi abu mai nisa sosai. Wata ya fi komai, ki fito tsakar gida da dare, ko eriyar waya da ta wuce kilomita ɗaya. Kar ki je bakin Shari ko gadar Ngeli kina auna Kuseri, garin Kamaru da ke tsallaken iyaka, da kyamara, ko kusa da bariki, ba na so gwaji ya ja miki tambayoyi. A gaban kyamarar dab da tagar leƙe akwai wata ƙaramar kusa mai zare, murfi ce kawai, cire ta ki sa a faranti, can ciki akwai wata ƴar mitsitsiya, ita ce mai matsar da hoton hagu da dama. Sai turnabis, wato sukudireba, na masu agogo wanda ya zauna cif a bakinta, ki juya kaɗan ƙwarai, abin da bai kai kaurin farce ba, ki leƙa, ki ƙara, har watan ya zama ɗaya. In ta ƙi juyawa kar ki yi mata ƙarfi, bakinta laushi gare shi, in ya cinye an shiga wani aikin. Na sama da ƙasa kuwa a ƙaramar taga mai da'ira yake, zoben waje na warwarewa, a ciki akwai wani zobe mai ƴan tsagu riƙe da gilashi, juya shi ne ke ɗaga hoton ko ya sauke shi. Ki fara da wannan ɗin, don in kin taɓa shi yana ɗan gusar da na hagu da dama, sai ki dawo ki ƙarasa. Bayan nan ki auna mita 1 da ma'aunin tela daga inda fim yake kwanciya zuwa wani rubutu a bango, ki haɗe hoton ki ga ko lambar jikin gilashi ta nuna 1. In nesa ya yi daidai kusa ya ɗan kauce kaɗan, ni dai shawarata ki bar shi haka ki riƙa ɗauka da zoben faɗin ƙofar haske a kan 5.6 ko 8, gyaran kusa sai an juya kan ɗan hannun nan da filaya kuma nan ne ake ɓata lafiyayyar kyamara.

Abu ɗaya da nake roƙonki, ko wata rana kin buɗe murfin sama, kar ki goge gilashin da ke haɗa hotunan biyu. Shafen da ke kansa siriri ne ƙwarai, auduga ɗaya na iya ɗauke shi, kuma in ya tafi hoton tsakiya ya tafi kenan. Busawa kawai.

Farin ɗigon kuwa rana ce ta huda labule. Ƙofar hasken FED yadi ne mai shafen roba, kuma ba madubi tsakaninsa da gilashi, in aka ajiye ta fuska sama ba murfi gilashin sai ya tara rana wuri ɗaya ya ƙona yadin, da irin ranar Injamena abin ba ya ɗaukar lokaci. Cire bayan da gilashin, shiga ɗaki mai duhu, haska fitilar waya ta gaba ki kalla ta baya, ki duba kafin ki naɗa da bayan kin naɗa don labulen biyu ne. In kin ga hudar, ɗan baƙin fentin yadi mai laushi a bakin tsinke, siriri, ki bari ya kwana ya bushe kafin ki motsa. Kuma ki saba da naɗawa tukuna kafin ki canza gudu, a kan ƴar uwarta Zorki 4 wanda ya saɓa wannan yana iya karya ta.

TAMBAYA: Malam barka da damina. Tawa Minolta Hi-Matic 7s ce, ta shekara cikin jakarta ta fata a ƙasan wadrop, yanzu a cikin gilashin naga wasu zare-zare farare. Na goge ta waje basu fita ba. Daga Ngaundare.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Fumfuna ce, wadda ke shimfiɗa kamar saƙar gizo-gizo, kuma ku na Adamawa kun fi mu fama da ita don daminarku doguwa ce. Jakar fatar ita ta riƙe laima, raba su yau. In zaren kaɗan ne a gefe, ɗauki hotonka, ba za ka ga bambanci ba. In ya kai tsakiya sai an kwance gilashin an wanke da ruwan oksijene na farmasi wanda ake wanke ciwo da shi, a bi da alkol, amma ka sani in ta daɗe tana cin shafen gilashin kuma wannan tabon ba ya fita. Ba na ba ka shawarar kwancewa da almakashi ko wuƙa, akwai maɓuɗinsa mai baki biyu, in ya zame karce ne har abada. Daga yanzu ta zauna inda iska da haske suke, da damina kuma cikin roba mai murfi tare da ƴan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa a kwalin takalmi ko na magani, kana shanya su lokaci-lokaci.

TAMBAYA: Kawu na sayi Yashica Electro 35 a wajen masu kayan gwanjo a kasuwar Marwa, ramin batirin duk farin gari da kore, kuma batirin ma ban ganshi a ko'ina ba. Abokaina nata min dariya wai waya ta fi. Na yi asara ne?

AMSA: Ba ka yi asara ba tukuna ƙanena, mu duba. An fara yin ta a Japan a 1966, gilashinta Yashinon 45mm f/1.7 mai kyau ne na gaske, amma ita ba kamar su FED ba ce, lantarki ke lissafa mata gudu, ba batir a 1/500 kawai take ɗauka. Farin garin nan ka jiƙa tsinken auduga da ruwan binegar ka goge, za ka ga yana ɗan tafasa, ka bi da alkol ka bari ya bushe, ka wanke hannu da kyau in tsohon batirin na ciki don na makuri ne, kuma ka nesanta shi da yara. Na asali volt 5.6 yake bayarwa, amma 4LR44 mai 6 yana yi mata, ko ka jera LR44 guda huɗu na masu agogo ka naɗe da salatif. Ya fi ramin gajarta da siranta, sai ka naɗe shi da kwali ka cike tsawon da sifirin ko dunƙulen takardar alminiyom, ka bi zanen fuskar batir da ke wurin. Danna maɓallin gwajin batir, in bai kawo ba sau da yawa wayar da ke ƙasan ramin ce tsatsa ta cinye, mai gyaran waya zai yi maka walda cikin minti kaɗan.

Sai kuma ka kasa kunne lokacin da kake jan hannun naɗi, lafiyayya tana yin wani "ƙwas" a farkon ja. In babu shi, ko fitilun ja da rawaya na kawowa yadda suka ga dama, ko ƙofar haske ta buɗe ta daɗe ba ta rufe ba, to wata ƴar roba ce a ciki mai kaurin kusan milimita 2 ta narke, sananniyar cutar wannan samfurin ce. Robar ba komai ba ce, isa wurinta ne aiki, ka kai wa mai agogo, ka kuma gaya masa kusoshin Japan bakinsu ya ɗan bambanta da na turnabis mai kuros da aka saba, ya zaɓi wanda ya zauna sosai ya danna kafin ya juya.

Abokanka kuma ka bar su, waya na da nata amfanin ba wanda ya musa. Amma marigayi Malick Sidibé, mai ɗaukar hoto na Bamako, wanda aka ba babbar kyautar Zinariyar Zaki a birnin Banis na Italiya a 2007, ya shahara a unguwarsu da gyaran kyamarori, a lokacin studiyonsa cike yake da su a kan kanta, kuma nagatif ɗin da ya ɗauka tun shekarun 1960 har yau ana wanke hoto da su. Hotunan bikin iyayenmu ma da suke nan a albam da irin waɗannan aka ɗauka.

In ta tashi, kar ka fara da bikin wani. Sa fim mai araha, Fomapan ko Kodak Gold 200, ka ɗauki bango a rana, inuwa, mutum a mita 1, mita 3, da dutsen Marwa daga nesa, kana rubuta lambar kowane hoto da yadda ka saita a takarda. Ka bar ta ta ɗan sha hasken waje da fim a ciki da murfi a gaba, don in akwai inda haske ke shiga ta ƙofa za ka gan shi ja-ja ko fari-fari a gefen hoto. Fim ɗin da ba ka sa ba kuma ya zauna a firji cikin leda, ko wuri mafi sanyi a ɗaki, in ka fito da shi ka bari sanyin ya sake shi kafin ka buɗe robarsa. In an wanke ka turo min abin da ya fito tare da takardar, daga nan za mu san ko akwai sauran aiki.